Kilomita 390 a kan injin yankan ciyawa: bitar fim ɗin The Straight Story

Titin jiha mai lamba 10 da ke arewa maso yammacin Iowa, a tsakiyar Amurka, ba ya cikin hanyoyin da matafiya ke dawowa suna ba da labarinsu. Kwalta ce falle ɗaya, hannun tafiya da hannun dawowa, babu abin da ya raba su sai layin rawayan fenti. Masara a dama, waken suya a hagu, sai can nesa ka hango tankin ruwa da rumbun hatsi sun yi cirko-cirko, ka san gari na tafe. Cikin garuruwan da titin ya ratsa akwai Laurens, wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Daga nan ne, a shekarar 1994, wani dattijo mai shekara 73 da ake kira Alvin Straight ya hau injin yankan ciyawa mai kujera, irin wanda ake gyara harabar gida da shi, ya ɗaura masa amalanke a baya, ya nufi gabas don ya dubo wansa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar a jihar Wisconsin. Idonsa ya raunana, ba shi da lasin tuƙi, kuma ba ya son kowa ya tuƙa shi. Nisan mil 240 ne, kimanin kilomita 390. Injin ba ya wuce kilomita 8 a awa. Tafiyar ta cinye masa mako shida.

Wannan labari ne David Lynch ya mayar fim a 1999, ya sa masa suna The Straight Story. Waɗanda suka san Lynch, wanda ya rasu a Janairun 2025, sun san shi da finafinai masu sa tsigar jiki tashi: Blue Velvet na 1986, shirin talabijin na Twin Peaks, da Lost Highway na 1997. Don haka mutane suka riƙe baki da aka ce ya yi fim ɗin da yaro da babba za su zauna su kalla tare, har kamfanin Walt Disney ya ɗauki nauyin rarraba shi a Amurka. Ba shi ya rubuta labarin ba, kuma wannan ne karo na farko da ya ba da umarni a fim ɗin da babu hannunsa a rubutunsa. Mary Sweeney, wadda ta daɗe tana tace masa finafinai kuma ta tashi a Wisconsin, ita ta ga labarin Alvin a jarida, ta riƙe shi a zuciya, daga baya suka rubuta shi ita da John Roach bayan sun bi hanyar da kansu. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a shekarar da ya fito.

A ganina babban abin da fim ɗin ya yi shi ne ya bar wa hanya ragamar labari. Ita ke cewa ga inda za a tsaya, ga wanda za a haɗu da shi, ga lokacin da dattijon zai buɗe cikinsa. An ɗauki hotunan ne galibi a kan ainihin hanyar, bi da bi, daga Laurens zuwa gabas, a kakar 1998, yadda masarar da aka fara gani a tsaye ita ce ake gani injinan girbi na cinyewa daga baya. Kaka tana tafiya, dattijo yana tafiya, ƙasa kuma tana sauya kama a ƙarƙashinsa.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a ji daɗin wannan. Yawancin Iowa shimfiɗe take, kuma tun a dokar 1785 gwamnatin Amurka ta tsara a riƙa auna filayen yamma a yanka su murabba'i murabba'i, mil ɗaya kowane gefe. Hanyoyin karkara suka bi iyakokin nan. Shi ya sa titi zai miƙe sambal har iya ganinka, ya yi kwana a tsaye, ya sake miƙewa. Da aka zartar da dokar manyan hanyoyin tarayya a 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, aka shimfiɗa tagwayen titunan da ke kewaye garuruwa, mai sauri ya koma can, aka bar wa ƙananan hanyoyi manoma da motocin hatsi da 'yan makaranta. Injin Alvin ba shi da hurumin hawa tagwayen titi. Dole ya bi wanda ya ratsa ta ƙofar gidajen mutane, ta gaban shagon kayan gini da gidan mai da maƙabarta. Wanda ke tafiyar kilomita 8 a awa a irin wannan titi ba ya ɓuya. Kowa zai gan shi, kuma shi ma zai ga kowa.

Akwai wani hoto guda a farkon tafiyar da ya isa ya nuna abin da Lynch ke nufi. Kyamara tana kallon layin rawaya a tsakiyar kwalta yana ja da baya a hankali, sai ta ɗago ta nuna bayan amalanken, ta ci gaba da ɗagawa har ta kai sararin sama, ta ɗan jima a can cikin gajimare. A al'adar fim, idan an yi haka an sauko, to an yi nisa ke nan, wataƙila ma an kwana. A nan kuwa da kyamarar ta sauko, ga Alvin nan, bai matsa ba sai 'yan taku kaɗan. Wanda ya kalli Lost Highway zai tuna cewa da irin wannan layin aka buɗe shi, amma cikin dare, yana tsere a gaban fitilar mota har kan mutum ya juya. Shekara biyu tsakani, darakta ɗaya, layi ɗaya, sai dai a nan an ce wa mai kallo ya sauke numfashi. Daga wannan wuri ne mutum zai san ko fim ɗin nasa ne. Wanda ya yarda ya bi shi da wannan tafiya zai fara lura da abubuwan da gudu ke ɓoyewa: ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, karen da ya biyo baya ya gaji ya koma, mace mai shanya a tsakar gida da ta tsaya ta ɗaga hannu.

Aikin kyamarar na Freddie Francis ne, Baturen Ingila da ya ci kyautar Oscar sau biyu, wanda ya taɓa yi wa Lynch aiki a The Elephant Man na 1980. Yana da shekara 80 lokacin ɗaukar wannan, kuma shi ne fim na ƙarshe da ya ɗauka. Hotunansa daga sama na gonaki suna da kyau ba tare da sun zama na kalanda ba, domin kullum akwai aiki a cikinsu, ana girbi, ƙura na tashi. Kiɗan Angelo Badalamenti, goge da jita a sanyaye, yana tafiya daidai da juyin taya. Wani lokaci kuma Lynch yana barin kyamara a nesa da masu magana, har sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da ake faɗa, kamar dai kai ma maƙwabci ne da ke tsaye a bakin shinge. Ina son wannan ƙwarai. Ladabi ne ga mutanen da ake nunawa.

Richard Farnsworth ne ya fito a Alvin. Tun kafin a hau titi an gama nuna mana wane ne shi. Ya faɗi a ɗakin girki ya kasa tashi, likita ya ce ya bar taba ya kama ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ƙi, ya gwammace ya ƙara sanda ta biyu. Yana zaune da 'yarsa Rose, wadda Sissy Spacek ta fito a madadinta, mace mai in'ina da ke ƙera akwatunan tsuntsaye tana sayarwa. Suna zaune suna kallon hadari ta taga waya ta yi ƙara. Rose ta ɗauka a ɗaya ɗakin, kyamara kuwa ba ta bar fuskar Alvin ba, walƙiya na haska ta, muna jin muryar 'yar daga nesa tana maimaita sunan Lyle. Shekara goma Alvin da ɗan'uwan nasa ba su yi magana da juna ba. A fim ɗin an sauya sunan ɗan'uwan daga Henry zuwa Lyle, an kuma mai da ƙarshen tafiyar ƙauyen Mount Zion maimakon Blue River inda na gaskiyar yake.

Fitar farko ba ta yi nasara ba. Tsohon injinsa ya yi 'yar tafiya, wata tirela ta wuce da gudu iskarta ta cire masa hula, ya tsaya ya sauka da sandunansa biyu ya je ya ɗauko, da ya dawo injin ya ƙi tashi. Motar 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa West Bend, inda wani limamin Katolika, Paul Dobberstein, ya fara gina shahararren kogon ibada na duwatsu a 1912, ita ta rage masa hanya. Aka maido shi Laurens a bayan akori-kura, abokansa tsofaffi na kallo ta tagar shago. Ya shiga gida, ya ɗauko bindiga, ya harbe injin har ya kama wuta. Sannan ya je wurin dillalin injinan kamfanin John Deere ya sayi wani na hannu, ƙirar 1966, ya sake kama hanya daga farko. Wannan sashe yana da ban dariya, amma a nan ne aka fara nuna cewa a ƙarƙashin sanyin dattijon akwai zafin zuciya da taurin kai, irin wanda zai iya raba mutum da ɗan'uwansa shekara goma.

Daga nan sai haɗuwa da mutane, ɗaya bayan ɗaya, yadda hanya ta kawo su. Akwai yarinya mai ciki da ta gudu daga gida, ta zo ta zauna a bakin wutarsa da dare. Akwai ayarin masu keke ɗaruruwa da suka wuce shi fuu, har ya tsaya a gefen masara yana kallo. Iowa tana da irin wannan hawan keke na ratsa jiha kusan duk shekara tun 1973, ko da yake a watan Yuli ake yinsa, fim ɗin kuwa ya sa tafiyar a Satumba da Oktoba. Ban ga laifin wannan ba, kaka ta fi dacewa da labarin tsoho. Akwai kuma matar da ta banke barewa da mota, ta fito tana kururuwa cewa wannan ce ta goma sha uku cikin mako bakwai, ta gwada duk dabarar da ta sani, kuma dole ta bi titin nan kullum zuwa aiki. Ta dubi fili fetal babu ko bishiya, tana tambayar daga ina suke fitowa. A nan kaɗai tsohon Lynch ya leƙo sosai, kuma wurin yana da amfani: ya tuna mana cewa ga wanda ke bin titin nan da mota don neman abinci, hanya ba wurin tunani ba ce, wahala ce ta kullum.

A sashen yarinyar ne nake da ƙorafi na farko. Alvin ya ba ta labarin yadda yake ba 'ya'yansa kara guda su karya, sannan ya ɗaure karare da yawa ya ce su gwada. Mu da muka tashi da maganar tsintsiya da maɗaurinta ba za mu ji wani sabon abu a nan ba, kuma Turawan ma tsohon labari ne a wurinsu. Da gari ya waye sai ga yarinyar ta tafi ta bar masa damin itace a ɗaure. Ya yi tsaf da yawa. Rayuwa ba ta cika ba mai wa'azi amsarsa tun kafin karin kumallo ba. Da fim ɗin ya ci gaba a haka, dattijo na rabon hikima a kowane zango, da ya zama abin da ake kallo sau ɗaya a manta.

Abin da ya cece shi shi ne sauyawar ƙasa. A kusurwar arewa maso gabashin Iowa da kudu maso yammacin Wisconsin akwai yankin da tulin ƙanƙarar zamanin da bai murƙushe shi ya baje kamar sauran ba, don haka ya rage da tuddai da kwaruruka da rafuka. Titin ƙasa mai lamba 18, wanda shi ma galibi falle ɗaya ne a wannan yanki, ya ratsa New Hampton da West Union, sannan ya gangara zuwa Clermont a bakin kogin Turkey. Mutumin da ya yi makonni a miƙaƙƙiyar hanya da amalanke marar birki sai ga shi a kan gangara. Bel ɗin injin ya tsinke, nauyin amalanken ya tura shi, injin da bai saba wuce kilomita 8 ba ya kwasa da gudu. Kyamara ta shiga tsalle tsakanin fuskarsa da kwalta da wani tsohon gida da 'yan kwana-kwana suka cinna wa wuta suna atisaye a gindin tudun. Da ƙyar ya tsaya. Ba a taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai a nan.

Wutar nan ba a banza aka sa ta ba. Tun a baya Alvin ya gaya wa yarinyar cewa hukuma ta ƙwace wa Rose 'ya'yanta huɗu bayan wata gobara da ta tashi lokacin da wani ne ke kula da su, ba ita ba. Bai faɗi ko wane ne ba. Akwai masu sharhin da suka ce shi ne da kansa, a zamanin da yake shan barasa. Fim ɗin bai faɗi haka ba, ni ma ba zan ɗora masa ba. Amma tabbas yana so mu lura cewa mai yi wa baƙuwa huɗubar haɗin kan iyali mutum ne da ya haifi goma sha huɗu, bakwai suka rayu, kuma ɗaya tak ke kusa da shi.

Zaman Clermont shi ne zuciyar fim ɗin, kuma a nan Lynch ya fi jan lokaci, daidai kuwa. Wani mutum mai suna Danny Riordan, tsohon ma'aikacin John Deere, ya ba shi bayan gidansa ya yada zango har a gyara injin. Dubi yadda aka nuna mutuncin dattijon ba tare da an furta shi ba. Yana son ya kira Rose a waya ta aiko masa da kuɗin fanshonsa. Danny ya buɗe ƙofa ya ce ya shigo, ya ƙi, ya roƙi a miƙo masa wayar a waje. Da ya gama ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya sa kuɗin kiran a ƙarƙashinta. Da tagwayen makanikai suka kawo masa lissafi, ya bi shi layi layi, ya rage na tayar da ba sabuwa ba, ya rage na lokacin da suka ɓata suna faɗa da juna, ya biya abin da ya ga hakkinsu ne. Sannan Danny ya zo masa da tayin da kowane mai hankali zai yi: ga tuddai a gaba, ga kogin Mississippi, bari in kai ka a mota, tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba. Alvin ya gode masa, ya ce yana so ya ƙarasa yadda ya faro.

A wannan amsa ne duk ma'anar tafiyar ta taru. Tun farko ana iya cewa larura ce ta hau da shi injin, babu lasin, babu kuɗi. Daga Clermont kuwa zaɓi ne. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma ban san wani fim da ya ɗauki wannan magana da gaske kamar wannan ba, duk da cewa masu yinsa ba su taɓa jin ta ba. Alvin ba gwanin ban haƙuri ba ne. Ba zai iya tsayawa gaban Lyle ya tsara kalmomi ba. Abin da zai iya shi ne ya isa ƙofar gidan da mako shida na rana da ruwan sama da kwanan daji a jikinsa, yadda ɗan'uwan zai gani da idonsa nawa aka biya. Da ya zo a motar Danny, da ziyara ce kawai.

A Clermont ɗin ne kuma wani tsoho ɗan garin, Verlyn, ya ɗauke shi zuwa mashaya. Verlyn na shan barasa, Alvin na shan madara, domin ya daɗe da dainawa. Dukansu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu. Verlyn ya fara ba da labarin abokansa da wuta ta cinye, muryarsa na rawa. Sai Alvin ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Shi maharbi ne daga nesa a fagen Turai. A rundunarsu akwai wani ɗan leƙen asiri, ƙaramin mutum ɗan asalin Poland, da ya sha ceton rayukansu. Wata rana Alvin ya hango motsi a cikin daji ya harba. Da suka matsa gaba sai suka tarar da abokin nasu ne, harsashi a ka. Kowa ya ɗauka Jamusawa ne suka kashe shi, shi kaɗai ya san gaskiya, ya kuma riƙe ta fiye da shekara arba'in. Babu hoton yaƙi ko ɗaya a wurin nan. Fuskoki biyu ne kawai, da ƙarar igwa can ƙasa-ƙasa da Lynch ya saka a bayan maganarsu. Daga wannan zama ba za ka ƙara kallon Alvin a matsayin mai rabon nasiha ba. Mutum ne da ke ɗauke da kaya, kuma nasihar da yake yi wa mutane kansa yake yi wa.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko nauyi. Duk wanda Alvin ya haɗu da shi mutumin kirki ne, kuma duk kamanninsu ɗaya. Babu wanda ya kore shi daga gonarsa, babu ɗan sandan da ya takura masa. Karkarar Iowa ta wancan lokaci kuwa ba ta gama farfaɗowa daga matsin shekarun 1980 ba, lokacin da bashi da faɗuwar darajar filaye suka raba dubban iyalai da gonakinsu, shaguna suka rufe a ƙananan garuruwa. Kuma a kan titi mai lamba 18 ɗin nan, gaba kaɗan da Clermont, akwai Postville, inda wata babbar mayanka da aka buɗe a 1987 ta jawo ma'aikata baƙi daga ƙasashe dabam-dabam, garin ya sauya fuska baki ɗaya. Fim ɗin da ya yi alkawarin nuna abin da ke bakin hanya ya kau da kai daga wannan. Ina fahimtar dalili, labarin na mutum ɗaya ne da zuciyarsa. Duk da haka titin da aka nuna mana ya fi na gaskiya tsabta, kuma mai kallo daga nesa irinmu ya kamata ya san haka.

Tsallaka Mississippi an yi shi da kyau. Miƙaƙƙiyar hanya daga Clermont za ta kai mutum gadar da ke tsakanin Marquette da Prairie du Chien ne, amma Lynch ya haura arewa zuwa Lansing ya ɗauki gadar Black Hawk, tsohuwar gadar ƙarfe ta 1931 da take nan a lokacin, ƙunƙuntacciya, mai daben raga da ake hango ruwa ta ƙarƙashinsa. Ƙaramin injin kore a tsakiyar wannan tulin ƙarfe, dattijo na waige dama da hagu yana kallon faɗin kogin, ya isa. A daren ya kwana a gefen wata tsohuwar maƙabarta, limamin cocin da ke kusa ya kawo masa abinci, kuma gare shi ne Alvin ya bayyana abin da ya raba su da Lyle: fushi da girman kai da barasa. Ya tuna yadda suka tashi a gona a Minnesota, suna kwana a tsakar gida da rani suna hira har barci ya ɗauke su. Bai faɗi ainihin maganar da aka yi ranar da suka ɓata ba, ya ce ba ta da sauran muhimmanci. Marubutan sun yi daidai da suka bar ta a rufe. Duk wanda ya taɓa shiga sulhun 'yan'uwa ya san cewa idan gaba ta tsufa, sau da yawa masu ita ma ba sa iya kawo asalinta.

Kwalta ta ƙare kafin tafiya ta ƙare. Daga titin jiha aka koma na ƙaramar hukuma, daga nan aka koma burji. Injin ya mutu saura ƙiris, Alvin ya zauna a kai bai ce komai ba, har wani manomi ya zo a babbar tarakta ya ce ya sake gwadawa, ya tashi, manomin ya shige gaba ya nuna masa kwanar. Gidan Lyle ɗan ƙaramin gidan katako ne da ya jingina da tudu. Harry Dean Stanton, wanda ya fito a Lyle, bai yi minti biyar a fim ɗin ba. Ya fito da irin ƙarfen dogarawar da Alvin ya ƙi karɓa a wurin likita. Suka zauna a baranda. Ya dubi injin da amalanken, ya daɗe yana dubawa, ya tambaya ko a kan wannan abin ya zo takanas don ya gan shi. Alvin ya ce e. Ba a nemi gafara ba, ba a rungumi juna ba. Wani daraktan zai ba su minti goma na kuka da tone-tone, ya ɓata duk abin da hanya ta gina.

Farnsworth an haife shi a 1920, shekarar da aka haifi Alvin na gaskiya, wanda ya rasu a 1996 bai ga fim ɗin ba. Farnsworth ya shafe fiye da shekara talatin yana aikin hawan doki da faɗuwa a madadin manyan jarumai kafin a fara ba shi magana mai tsawo, har aka sa shi takarar Oscar a kan Comes a Horseman na 1978. Lokacin ɗaukar The Straight Story yana fama da ciwon daji da ya kai ƙashi, don haka wahalar tashi da zama da ake gani a jikin Alvin ba duka ba ce wasa. Ya rasu a Oktoban 2000. A kan wannan fim an sa shi takarar Oscar ta gwarzon jarumi yana da shekara 79, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi tsufa a tarihin wannan rukuni. Masu sharhin finafinai na New York sun ba shi tasu kyautar, amma Oscar ta tafi ga Kevin Spacey na American Beauty. Ina ganin alƙalan sun yi kuskure. A sake kallon zaman mashayar Clermont, a dubi yadda leɓensa ke motsi kafin sunan abokin da ya harba ya fito, da yadda ya ƙi kallon Verlyn har ya gama. Babu wani abu a wasan da aka ba kyautar da ya kai wannan minti uku.